Abin Da Zaman Kulle Ya Koya Wa 'Yan Arewa Mazauna Kudu

Ranar Lahadi 29 ga watan Maris na shekarar 2020, da daddare, Shugaban Ƙasa na wancan lokaci, Muhammadu Buhari, ya yi wa jama'ar Nijeriya jawabi ta rediyo da talabijin, ya ce daga ƙarfe 11 na daren Litinin kowa ya zauna gida a Jihar Legas da Jihar Ogun da Abuja har kwana 14. Dalili kuwa shi ne cutar korona, wadda aka fara tabbatar da ita a ƙasar nan ranar 27 ga Fabrairu a jikin wani Bature ɗan ƙasar Italiya da ya sauka a Ikko. Kwana 14 ɗin nan sai da ya zama mako biyar, gama ba a sassauta dokar ba sai ranar 4 ga Mayu.

Ma'aikacin da ke jiran albashi ƙarshen wata ya ji jiki, amma bai kai ɗan ci-rani ba, wanda sai ya fita da safe yake samun na tuwon dare. 'Yan dako da masu shayi da masu tsire da masu wankin takalma da masu yankan farce, duk aka wayi gari ba ciniki. 'Yan acaɓa kuwa dama a cikin wani hali suke, domin tun ranar 1 ga Fabrairu Gwamnatin Jihar Legas ta hana su aiki a ƙananan hukumomi shida. Hanyar gida ma aka toshe, don an hana tafiya daga wata jiha zuwa wata, ba a buɗe ba sai ranar 1 ga Yuli.

Gwamnatoci da attajirai sun yi rabon abinci, amma duk wanda ya zauna Agege ko Idi-Araba ko Alaba Rago a kwanakin nan ya san rabon bai isa ko'ina ba. Abin da ya riƙe yawancin mutane wasu 'yan ƙananan abubuwa ne marasa tsada: bokiti da sabulu a ƙofar gida, tukunya ɗaya ga mutum goma, ƙyallen tela, buhun ƙasa a bayan ɗaki, da sanin sunan maƙwabci. Yawancinsu ma al'adun gida ne da zaman birni ya sa aka yar, wuya ta sa aka koma aka tsince su.

Bokiti Da Sabulu

Bahaushe bai rasa wankin hannu ba, ga buta kullum a gefensa. Abin da ya rasa shi ne sabulu, sa'an nan kuma yana da al'adar a kawo ruwa cikin kwano guda kowa ya tsoma hannu kafin cin abinci, wanda ya zo ƙarshe ya wanke nasa da dauɗar na farko. Likitoci sun bayyana cewa ƙwayar cutar korona a lulluɓe take da wani siririn maiƙo, sabulu kuwa yana narkar da shi kamar yadda yake cire man ja daga kwanon miya. Sharaɗin kawai shi ne a cuɗa hannu har wajen sakan 20, a kuma ɗauraye da ruwa mai zuba, watau wanda ba a tsoma hannu ciki ba.

A nan ne bokitin nan mai famfo a gindi ya yi rana. Wata ma'aikaciyar kimiyya 'yar ƙasar Gana, Veronica Bekoe, ita ta ƙago shi tun cikin shekarun 1990 domin ɗakunan gwaji da ba su da ruwan famfo, shi ya sa ake kiransa da sunanta. Ba wani abu ba ne illa bokiti mai murfi bisa ɗan benci, da roba a ƙasa tana tare ruwan da aka yi amfani da shi. Cikin 'yan makonni sai ga shi a ƙofar banki da kanti da kasuwa da gidajen haya. Wanda bai da kuɗin sayensa ya huda jarka, ko kuwa wani ya riƙa zuba masa da buta.

Ruwa a Ikko kuɗi ne, don na famfon gwamnati bai kai ga yawancin gidaje ba, kuma 'yan ga-ruwa, waɗanda akasarinsu 'yan Arewa ne, su ke tura kura da jarkoki lungu-lungu suna shayar da unguwanni. Saboda haka amfanin bokitin biyu ne. Ruwa kaɗan yake ci, tun da famfonsa siriri ne, kuma wanda ya taru a robar ƙasa ba a zubar da shi a banza, da shi ake kora bayan gida. A gidan haya mai ɗaki goma da bayan gida ɗaya, in kowane ɗaki ya ɗauki nauyin sabulu da ruwa na mako guda, sai bayan wata biyu da rabi layi zai sake zagayowa kansa.

Ƙyallen Tela

Wajen ƙarshen Afrilu aka wajabta sa takunkumi a Jihar Legas, daga baya Gwamnatin Tarayya ta wajabta shi a ƙasa baki ɗaya. Na asibiti ya yi tsada, kuma likitoci da nas-nas sun fi kowa bukatarsa. Sai teloli suka duƙufa, har da masu yawo da keken hannu a ka, suna ɗinka shi da ragowar atamfa da shadda waɗanda da can shara ake kai su. A watan Yuni na shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara takunkumin ƙyalle ya zama mai ninki uku, a kuma riƙa wanke shi kullum da sabulu.

Na ƙyallen ya fi wa talaka ta fuska biyu. Guda biyu sun ishe shi watanni, yana wanke ɗaya yana sa ɗaya, kuɗin kuma aljihun telan unguwa ya shiga. Na yarwar kuwa da wani irin roba ake yinsa, ba ya ruɓewa, kwata yake faɗawa ya haɗu da ledar ruwa da farar robar zuba abinci su toshe hanyar ruwa. An ƙiyasta Ikko tana fid da shara wajen tan 13,000 kowace rana, kuma in damina ta sauka unguwannin talakawa ne ke fara cika da ruwa. Wannan matsala ce ta sa Gwamnatin Jihar ta haramta farar robar abincin nan a watan Janairu na 2024. Wanda ya saba zuwa wurin mai tuwo da kwanonsa tun zamanin kulle, dokar ba ta dame shi da komai ba.

Akwai kuma haƙƙin 'yan bola, samarin da ke tonon juji suna tsintar ƙarfe da gwangwani da robar ruwa, waɗanda su ma da yawansu daga Arewa suke. Duk abin da mara lafiya ya yar, hannunsu yake komawa. Gidan da ya ware kwalabe da gwangwanaye a buhu daban ya miƙa musu, ya rage musu tonon ƙazanta, ya kuma rage wa kansa shara.

Tukunya Ɗaya

Unguwar Sabo ta Badun, wadda aka kafa a 1916, a kan tsarin mai gida ta ginu. Falke in ya zo da shanu ko ya zo sayen goro, wurin mai gida yake sauka, a ba shi makwanci da abinci, a haɗa shi da dillali, a tsaya masa in an cuce shi. Haka abin yake a Sabon Shagamu da Agege. Amma samarin da suka kwararo Kudu a 'yan shekarun baya da yawansu ba su da mai gida. Kowa cin kansa yake yi, ya sayi faranti a bakin titi, ya kwana a rumfa ko a kango.

Da masu sayar da abinci suka daina fitowa, dole ta sa aka koma karo-karo. Lissafin ba shi da wuya. Mutum goma in kowa zai sayi dafaffen abinci sau biyu a rana, ribar mai dafawa sau ashirin suka biya. In suka haɗa kuɗin, sai su auno shinkafa da wake da garin rogo da robar fenti, wadda ita ce mudun Ikko, ko da kongo in a Badun ne, su hura wuta ɗaya maimakon goma. Wanda bai da ko sisi ranar ya ɗebo ruwa ko ya yi wanke-wanke, ba a kuma hana shi ci. Ciyayyar ƙofar gida ce ta ƙauye ta dawo, sai dai da gyara guda: tukunya ɗaya, amma kowa da kwanonsa da cokalinsa, don annoba ta hana a haɗa hannu a akushi.

Adashi kuwa, wanda Yarabawa ke kira ajo ko esusu, ya nuna rauninsa a wannan lokaci. Yana tafiya daidai ne muddin yawancin 'yan zubi suna samu. Ranar da kowa ya rasa ciniki a lokaci guda sai ya tsaya cak, wanda ya riga ya kwasa ya kasa zubi, wanda bai kwasa ba ya rasa abin dogara. Darasin da ke ciki shi ne ƙungiya ta riƙa ware wani ɗan abu daga kowane zubi, a ajiye shi daban ba a kwasa, sai ranar ciwo ko mutuwa ko rufe kasuwa.

Kauda Da Lambun Buhu

A makonnin kullen an yarda kasuwannin abinci su ci daga ƙarfe 10 na safe zuwa 2 na rana, kwana ɗaya a ci, kwana ɗaya a huta. Motocin abinci an bar su su wuce, amma shingaye sun yi yawa a hanya. Daga lambunan Kura da Kadawa a Jihar Kano zuwa kasuwar Mil 12 tafiyar wajen kilomita 1,000 ce, tumatir kuwa ba ya jira. Ko a lokacin lafiya masana sun ƙiyasta wajen kashi 40 cikin 100 na tumatirin ƙasar nan lalacewa yake yi kafin ya shiga tukunya.

Matan da suka taho da kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da kauda daga gida, su ne ba su rasa miya ba. Shanya a Kudu ba ta yi kamar ta Arewa, musamman da yake kullen ya zo daidai faɗuwar damina, iska kuma da laima. Abin da ya fi dacewa da wurin shi ne a sayi tumatir da tattasai ranar da suka yi araha, a markaɗa, a tafasa har ruwan ya ƙone, a zuba a kwalba mai tsabta a rufe samansa da mai. Ta haka kayan da za a zubar da yamma a bakin kasuwa sai su yi kwanaki suna amfani.

Wanda ya taso da fartanya kuma bai rasa dabara don ya rasa gona ba. 'Yan Arewa sun daɗe suna noman ganye a filayen wajen Ojo suna sayar wa birni, zaman kulle ne ya shigo da abin tsakar gida. Tsohon buhun shinkafa, a huda gindinsa, a cika shi da ƙasa haɗe da busasshen takin shanu, irin wanda ke jibge a Kara da mayankar Oko-Oba ana neman mai kwashewa. Alayyafo cikin kamar mako huɗu ya isa yanka. Lalo, wanda Yarabawa ke kira ewedu, shi ma ba ya daɗewa. Zogale reshensa kawai ake kafawa ya kama. Buhu biyar ba su ciyar da gida, amma suna rage kuɗin cefane, kuma ganye ɗaya ne daga abubuwan da ake miƙa wa maƙwabciya ta katanga.

Azumi Ba Jam'i

Azumin shekarar ya kama ranar Juma'a 24 ga Afrilu, masallatan Ikko kuwa a rufe, ba tafsiri, ba asham cikin jam'i. Ranar 24 ga Mayu aka yi Ƙaramar Salla ba tare da an fita idi ba, bisa shawarar majalisar da Sarkin Musulmi ke shugabanta. Maniyyata ma ba su tafi ba, don Saudiyya ba ta karɓi alhazan waje ba a shekarar. Sai ranar 7 ga Agusta aka buɗe masallatai a Jihar Legas.

Wannan ya yi wa jama'a ciwo ƙwarai, ga shi masallaci shi ne majalisar baƙo, a nan yake jin labarin gida da na aiki. Malamai suka riƙa tunatarwa cewa addini ya hana shiga garin da annoba take, ya kuma hana na ciki fita, kuma Halifa Umar da kansa ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka can. Tafsiri ya koma rediyo da waya. Zakkar fid-da-kai, wadda wasu suka saba aikawa gida, ta sami mabukata a ɗakin da ke kallon na mai bayarwa. Da aka buɗe masallatai kuma, sai aka shiga yin alwala daga gida, kowa ya riƙo dardumarsa, aka rage musafaha.

Wata ɗabi'ar da annoba ta nuna amfaninta ita ce riƙe baki da riƙe yatsa. A 2014, lokacin Ebola, saƙon waya ya sa dubban mutane wanka da ruwan gishiri da shansa, har wasu suka mutu. A watan Maris na 2020 kuma asibitocin Ikko sun karɓi waɗanda suka yi wa kansu illa da kulorakwin don sun ji an ce magani ne. Mutumin da saƙo ya zo masa ta WhatsApp ya ƙi tura shi gaba sai ya tambayi ma'aikacin lafiya, ya yi wa unguwarsa aikin da ba a gani.

Da Ɗan Gari Akan Ci Gari

Cikin watan Afrilu tsoro ya kama unguwannin Agege da Alimosho da na kan iyakar Ogun, irin su Agbado da Sango, saboda labarin gungun matasa masu fasa gidaje da kantuna. Mazauna suka riƙa fitowa da dare suna ƙona tayoyi a bakin layi suna gadin kansu har asuba. A irin wannan dare ba a tambayar mutum garinsu, abin da ake tambaya shi ne ko an san fuskarsa. Wanda yake gaisawa da mutanen layi, yake biyan kuɗin ƙungiyar unguwa, a cikin masu gadi aka lissafa shi. Wanda ba a san shi ba kuwa, ko da shekara biyar ya yi a wurin, abin tuhuma ya zama.

A watan Mayu kuma jihohin Kudu da dama suka riƙa tare manyan motoci suna samun samari ɓoye cikin shanu ko buhuna, suna mai da su inda suka fito. Yunwa ce ta koro yawancinsu, amma abin ya shafa wa 'yan Arewa mazauna wurin baƙin jini, har aka riƙa yi musu kallon masu kawo cuta. Rikicin kasuwar Shasha ta Badun a watan Fabrairu na 2021, wanda ya faro daga 'yar hatsaniya tsakanin mutum biyu ya ƙare da asarar rayuka da ƙona rumfuna, ya nuna yadda zaman da ba sanayya yake saurin kama wuta. Fitowa sharar kasuwa ta safiyar Alhamis, da yashe kwata tare da masu gida, da leƙa tsohuwar da ke zaune ita kaɗai ko Bayarabiya ce ko 'yar Ibo, su ne jarin da baƙo ke ci ranar da gari ya rikice.

Wanne Ya Zauna, Wanne Ya Tafi

Ba wannan ne karo na farko da annoba ta sauya wa mutanen Kudu al'ada ba. A watan Satumba na 1918 jirgin ruwa ya kawo murar nan mai kisa Ikko, ta bi hanyar jirgin ƙasa da kogi ta game ƙasa, aka ƙiyasta ta kashe wajen mutum 500,000. Masanin tarihi Don Ohadike ya nuna cewa a bayanta ne noman rogo ya bazu a ƙasashen Ibo na bakin Kwara, don majiya ƙarfin da ke noman doya sun kwanta ko sun mutu, rogo kuwa ba ya son wahala mai yawa. Abin da aka kama don dole ya zama abincin yau da kullum.

Korona ba ta yi ɓarna irin wannan ba. Lissafin hukuma ya nuna wajen mutum 267,000 suka kamu a Nijeriya, sama da 3,000 suka rasu. Allurar rigakafi ta iso a watan Maris na 2021, a watan Mayu na 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar ta fita daga matsayin gaggawa. Daga cikin ɗabi'un da ta bari, aika kuɗi gida ta waya da ta masu POS, maimakon damƙa wa direba, ita ce ta fi kama ƙasa, ta kuma yi amfani a farkon 2023 sa'ad da takardun Naira suka yi wuya.

Bokitin ƙofar gida kuwa shi ya fara ɓacewa, wani ya koma na wanki, wani famfonsa ya karye ba a gyara ba. A watan Yuni na 2024 cutar amai da gudawa ta ɓarke a Ikko, ta kashe fiye da mutum 20 kafin watan ya ƙare, ita kuwa ruwa mai tsabta da sabulu su ne babban rigakafinta. Tsadar abinci da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ita ma ta nuna tukunyar haɗin gwiwa da lambun buhu ba na zamanin kulle kaɗai ba ne.

Saboda haka aiki ya rage ga sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin kasuwa da masu gidaje. Kowane masallaci da kowace rumfar abinci a mai da bokiti da sabulu, a sa wanda zai kula da su. Kowace ƙungiyar 'yan gari ɗaya ta buɗe asusun ko-ta-kwana, ta kuma rubuta sunayen 'ya'yanta da lambar wayar danginsu, don kada a sake rasa wanda za a kira ranar da wani ya kwanta. Sabon zuwa kuma a kai shi ya gai da mai unguwa da maƙwabta tun makon farko. Duk cikin waɗannan babu wanda ke jiran kasafin kuɗin gwamnati. Allah ya kiyashe mu da wata annobar, amin.